Yau kekena ya samu kariya

Asabar ce, Jos, sanyi tun asuba kamar ana zuba ƙanƙara.

Alhamdulillahi yau dai na ɗaura wa keken nan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan sirdi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Napep ya fara fin ƙarfina, shi yasa na lallaɓa na sayi keken gwanjo mai giya, taya lamba 26, yana kai ni Terminus ya dawo da ni Anguwan Rogo lafiya lau. Matsalarsa ɗaya, bai zo da kariya ba, ba kamar su Phoenix da Raleigh na iyayenmu da suke zuwa da abinsu ba. In Mama ta aike ni cefane sai dai in rataya leda a kan keken, tana lilo tana bugun gwiwata, ranan nan har tumatir ya fashe min a hanya, abin ya min ciwo sosai don kuɗinta ne.

Jiya na sayo kariyar wajen masu kayan keke, an buga 25kg a jikinta, da 'yan notina a ƙulle cikin leda. Da safe na jingina keken a bango na fara. Ƙafafun kariyar biyu suna da ramukan da za su shiga a jikin firam, can ƙasa kusa da inda tayar baya ta zauna, amma fenti da tsatsa sun toshe su, na juya na juya notin ya ƙi shiga, hannuna kuma duk ya sandare. Har na ɗauko filaya zan matsa da ƙarfi sai zuciyata ta ce a'a, na tura shi wajen Baba mai gyaran keke na bakin layinmu.

Yana gani ya ce, "Ɗana, gara da ka kawo, in tiredin nan, zaren cikin ramin da noti ke bi, ya cinye shikenan ramin ya tashi aiki." Ya ɗiga baƙin mai, ya shigo da notin ta ciki, ta ɓangaren da fenti bai taɓa ba, yana juyawa kaɗan yana dawo da shi baya, har dattin ya fito ta waje. Alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen juya noti, lamba 4 kawai ya yi aiki da shi. Ta sama kuma firam ɗin ba shi da rami ko ɗaya, sai ya yanko robar tsohon tub ya naɗe ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, ya kama hannayen kariyar da kilam guda biyu, wato 'yan zobban ƙarfe na matsewa, ya ce robar za ta hana zamewa kuma fenti ba zai kankare ba.

Abin da ya fi burge ni, bai ɗaure ko ɗaya tamau ba sai da duka huɗun suka zauna. Ya ɗora kofin shayinsa a kan kariyar, muka ga shayin ya karkata baya, ya ɗan jawo hannayen gaba har ya daidaita, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya matse.

Na hau don gwaji, ina sa ƙaramar giyar baya sai na ji ƙar ƙar ƙar, sarƙa tana gogar wani abu. Ashe notin ɓangaren sarƙa ya yi tsawo, bakinsa ya leƙo ciki. Na ce, "Baba ko yanke shi za a yi?" Ya ce ba sai an yanke ba, ya kwance ya ƙara washa biyu ta waje, ƙarar ta ɗauke. Da kaya ne a baya ina gangara sarƙar ta maƙale, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kaya, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Bayan azahar na wuce Farin Gada, na sayo dankalin turawa da kabeji da karas, na zuba a buhu na ɗaure da roba, mai nauyin a ƙasa. Tuƙin ya canza fa, in na miƙe a kan feda wajen hawa sai bayan ya riƙa kaɗawa, dole na zauna na sauko da giya, a gangara kuma tun da wuri nake kama birki. Amma hannuwana biyu suna kan keke, ba leda ba komai, wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Ina isa gida Mama ta fito ta shafa buhun ta ce Allah Ya yi albarka. Ƙanina ya nace sai na goya shi, na ce masa a'a, ya fi kilo 25 nesa ba kusa ba, ga shi ƙafarsa za ta iya shiga taya, ya yi fushi ya shige ɗaki, gobe zan ba shi ya zaga layi da kansa ya huce. Baba ya ce in ƙara matse notinan bayan kwana biyu don hanyarmu akwai gargada, ya ara min alankin, yana aljihun rigar sanyina, Litinin in sha Allah zan mayar masa.