Inda na kai da sa wa fitilar tsohuwar Honda rile

'Yan'uwa masu koyo, fitilar gaba ta kama aiki jiya bayan isha'i, bayan na sa mata rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, kuma hasken da na gani a bangon gidanmu ban taɓa ganin irinsa daga babur ɗin nan ba. Ga waɗanda ba su san shi ba, Honda CB750 ne, mai silinda huɗu, samfurin da aka fara fitarwa a 1969. Wutarsa bolt 12 ce. Tun da ya zo hannuna fitilarsa ja-ja take kamar aci-balbal, har na sauya mata ƙwai zuwa H4 mai wat 60 da 55, amma ba ta canza zani ba.

Kafin in yanke ko waya ɗaya, sai da na ɗauko mita. Ina roƙonku ku ma ku fara da wannan. A kan batir na samu bolt 12.6, wato a cike yake. Da na kunna fitila na auna a gindin ƙwai, sai ga 10.4. Bolt biyu da ɗoriya sun salwanta a hanya. Kuma ƙwan fitila ba ya yafe irin wannan, domin idan wuta ta ragu da kashi goma cikin ɗari, hasken kan faɗi da kusan kashi talatin.

Ina suka tafi? Ku bi wutar da ido. Daga batir ta shiga fis, ta wuce makulli, ta hau kan babur zuwa makunnin fitila, ta tsallaka zuwa makunnin da ke sauya ƙaramar wuta da babba, sannan ta gangaro cikin ƙoƙon fitila. Kowace mahaɗa tana cin nata rabon. Da na kwance makunnin hannun hagu, abin da na tarar ya ba ni tausayi: 'yar tagullar da ke ciki ba ta kai ƙwayar wake ba, ta yi koren tsatsa, robar gefenta ta ɗan narke ta yi baƙi. Ta nan ne kusan amfiya biyar ke ratsawa shekara da shekaru.

Aikin rile shi ne ya sauke wa wannan makunni kaya. Makunnin zai riƙa tura 'yar wuta kaɗan, ƙasa da rubu'in amfiya, ta ja maganaɗisun da ke cikin rile, shi kuma ya haɗa babbar hanya daga batir kai tsaye zuwa ƙwai. Na sayi guda biyu irin na mota masu ƙafa huɗu, ɗaya na ƙaramar wuta, ɗaya na babba. Lambobin da ke jikin ƙafafun ba ado ba ne, tsarin Jamusawa ne da kusan kowane kamfani ke bi. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga batir, ta 87 ta miƙa wa ƙwai, 85 da 86 kuma su ne na maganaɗisu. In kun ci karo da mai ƙafa biyar, ta tsakiyar 87a ce, tana da wuta lokacin da rile yake a kashe, don haka a rufe ta a bar ta.

Launin wayoyin Honda ya sauƙaƙa mini. Shuɗiya ta babbar wuta ce, fara ta ƙarama, koriya kuma ita ce ta komawa, wato wadda ke mai da wuta batir. Na zare shuɗiya da fara daga soket ɗin ƙwai na kai kowacce ƙafa ta 86 ta nata rile, ban yanke su ba, don duk wanda ya gaji babur ɗin ya iya mai da shi yadda ya fito daga kamfani. Daga batir na ja sabuwar waya mai kaurin milimita 2.5, na sa mata fis mai amfiya 15 tun kafin ta yi nisan taki ɗaya daga kan batir. Kada ku kai fis can gaba kusa da fitila. Duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaronta, kuma a ƙarƙashin tankin fetur take bi.

To, a nan na yi kuskuren da ya ci mini yini guda. Na gama haɗawa, na kunna, na ji ƙas ɗin rile, raina ya yi fari. Na auna, 11.5 kawai. Na sake bin kowace mahaɗa, na matse, na goge, shiru. Sai da la'asar na tuna ban auna ɓangaren komawa ba. Na ɗaure wayar komawa a wani noti cikin ƙoƙon fitila, alhali ƙoƙon yana jikin ƙafar gaba ne, ita kuwa ba abin da ya haɗa ta da gangar jikin babur sai boris ɗin wuya, wanda ke cike da giris. Wuta tana ta neman hanya ta cikin maiƙo. Banda rage haske, wannan na iya cinye boris ɗin a hankali. Na ja wata waya mai kauri ɗaya da ta farko, daga ƙwai har jikin firam, na goge wurin da sanfefa sai da ƙarfe ya fito fes, na ɗaure. Mita ta nuna 12.3.

Wurin ajiye rile ɗin ma ya ba ni wuya, don ƙoƙon fitilar ya riga ya cika da wayoyi kamar sheƙar tsuntsu. Ƙarƙashin tanki na kai su, ƙafafu na kallon ƙasa saboda ruwa. Kafin ku ɗaure waya a wuyan babur, ku karya kan zuwa dama har ƙarshe, ku karya zuwa hagu, ku ga ba ta miƙe ba kuma ba ta matse ba.

Mai ƙaramin babur ya fara dubawa: in fitilarka ba ta kamawa sai inji na aiki, kuma haskenta na tashi da totur, mai yiwuwa daga koyil take sha kai tsaye, kuma irin wannan rile zai yi ta kaɗawa ne kawai.

Abin da ya rage mini shi ne caji. Rile bai ƙara wa babur wuta ba, hasali ma ƙwan yanzu ya fi ja. Gobe zan tayar da inji in auna batir da fitila a kunne, a sulo da kuma in an ɗan ja totur, in ga ko zai haura bolt 13.