Makonni shida a kan kundin wata mata a Ingila

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ingila, malamar da ke duba aikina ta tura ni wani ɗakin adana tsofaffin takardu. Ta ce in kwafe wani littafi na rubutun hannu, in kuma gano masu waƙoƙin da ke cikinsa. Irin littafin nan ne da mutanen ƙarni na 18 ke saye babu komai a ciki, su riƙa cika shi da waƙoƙin da suka kwanta musu a rai. Ina buɗe shi na ce a zuciyata, ai wannan kundi ne. Kakana yana da irinsa a gafaka, sai dai nasa ajami ne, kuma warƙoƙi ne a warware, wannan kuwa ɗinkakke ne.

Ba a shiga ɗakin da biro, sai fensir. Tawadar littafin ta koma ruwan ƙasa, ta ci takardar a wasu wurare. Da ƙullutun itacen oak ake haɗa ta, da gishirin ƙarfe, da ƙaro, kuma ƙaron da Turai ke amfani da shi a lokacin yawancinsa daga yankin kogin Senegal ake ɗauko shi.

Makon farko duk a koyon hannun matar da ta rubuta kundin ya tafi. Akwai dogon harafin s mai kama da f, akwai "ye" da ke nufin "the", akwai kalmomin da take taƙaitawa ta ɗaga harafin ƙarshe sama. Kwanan wata ma ya rikita ni, don na ga Fabrairu ɗauke da shekara biyu a haɗe. Ashe kafin 1752 sabuwar shekara a hukumance ranar 25 ga Maris take kamawa a Ingila, shi ya sa masu lura suke rubuta duka biyun.

Babban kuskurena a kan wata waƙar makoki ne. Babu sunan kowa a ƙarƙashinta, ga shi tana maganar rasuwar jariri da zafin da ya sa na ajiye fensir. Na yanke cewa matar ce ta tsara ta, har na rubuta wa malamata haka cikin murna. Amsarta gajera ce: in duba layin farko tukuna. Akwai fihirisar da Margaret Crum ta fitar a 1969, wadda ta jera waƙoƙin rubutun hannu na laburaren Bodleian da ke Oxford bisa layukansu na farko. Na duba ban samu ba, na ƙara sakankancewa. Sai da na nemi wani layi daga tsakiyar waƙar a ma'ajiyar tsofaffin mujallu ta intanet, sai ga ta an buga tun kafin matar ta kwafe ta. Ita ta canza layin farko ne, ta mayar da "ɗa" ya koma "ɗiya", ta bar baiti biyu na ƙarshe ba ta kwafa ba.

Na yi baƙin ciki ranar, kamar an ƙwace min wani abu. Da na sake zama a kan shafin na ga abin da na tsallake. Baitocin da ta bari su ne masu cewa a daina kuka. Matar da ta canza ɗa zuwa ɗiya ta san wadda take yi wa makoki, kuma ba ta shirya jin a daina kuka ba. Daga ranar na daina kiran irin wannan bambanci kuskure a takarduna. Na buɗe shafi dabam ina rubuta duk abin da ta sauya, da waƙar da ta sa kusa da wace.

Na kuma gyara tunanina cewa rubutun hannu kullum bayan bugu yake zuwa. Waƙar Thomas Gray ta maƙabartar ƙauye ta yi ta yawo hannu da hannu bayan ya aika wa abokinsa Horace Walpole ita a 1750, har wata mujalla ta yi shirin bugawa, shi ya sa aka gaggauta ba mai buga littattafai Robert Dodsley ya fitar da ita a Fabrairun 1751. Waƙar Elizabeth Carter a kan hikima ma haka ta zaga har ta faɗa hannun Samuel Richardson, ya sa ta a littafinsa Clarissa ba tare da izininta ba. Don haka duk waƙar da na gano, sai na tambayi kaina ko daga mujalla matar ta ɗauko ta, ko daga wasiƙar wata ƙawa.

Wajen kashi biyu cikin uku na littafin hannu ya canza, haruffan suka zama ƙanana kuma a karkace, tawadar ma ta fi baƙi. Wani ne ya gaji kundin ya ci gaba, har ya juya shi ta baya ya rubuta haɗin maganin tari.

Da na dawo gida na roƙi kawuna ya fito min da gafakar kakana. Na fara da jera warƙoƙin, ina bin kalmar da ya rubuta a ƙasan kowane shafi don nuna wadda za ta biyo baya, sannan na ɗauki fensir na soma rubuta layin farko na kowace waƙa.