Gashin ido na ƙari: abin da ke sa ya kai ranar ciko

Sana'ata kwalliya da gyaran amare ce a nan Kano, amma aikin da ya fi cin lokacina yanzu shi ne dasa gashin ido, wanda 'yan mata ke ce wa lashis. Ba irin wanda ake mannawa da safe a ɓare da dare nake nufi ba. Wannan sili-sili ake ɗora shi, kowane sili a kan gashin idon mace na asali. Tana kwance ido rufe kusan awa biyu, ni kuma ina sunkuye a kanta da hantsaki biyu, ɗaya na ware gashin, ɗaya na ɗorawa. Duk wadda ta tashi ta dubi madubi, tambayarta ɗaya ce: "Anti, zai kai wata?"

Amsar tana farawa daga gashin idon da Allah Ya yi mata. Fatar ido ta sama tana ɗauke da sili wajen 90 zuwa 160, kuma kowanne da lokacinsa: ya tsiro, ya tsaya, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Kullum mutum na zubar da ɗaya zuwa biyar bai ma sani ba. Idan na asali ya faɗi, dole wanda na ɗora masa ya bi shi. Shi ya sa ake dawowa ciko duk sati biyu zuwa uku, komai ƙwarewar mai aiki. Abin da nake koya wa kwastomomina shi ne su ɗauki silin da ya faɗo su duba gindinsa. In akwai siririn gashi manne da shi, lokacinsa ne ya yi, babu laifin kowa. In kuwa na ƙarin ne kaɗai ya zame ya bar na asali a ido, to gam ne ya saki, kuma nan ne ake da abin gyarawa, ko a wajena ko a wajenta.

Bari in fara da nawa ɓangaren, don masu sana'ar nan sun cika ɗora wa kwastoma laifi. Gam ɗin da muke aiki da shi ba iska ke busar da shi ba, danshin da ke cikin iska ne ke sa ya kama. Yawancin kamfanonin da ke yin sa suna son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari. To ki dubi garinmu. A hunturu, Disamba da Janairu, iska na bushewa ƙarau, gam ya yi ta jinkirin kamawa, silin ya karkace ko ya manne da na kusa da shi. A tsakiyar damina kuma, wajen Agusta, kafin in ɗauko silin daga ɗigon gam in kai shi ido har ya fara daskarewa. Zai zauna kamar ya kama, kwana biyu sai ya fara zuba. Don haka akwai 'yar na'urar auna danshi a kan teburina, kuma ita nake fara dubawa kafin in buɗe kwalba. Da hunturu ina kunna na'ura mai fesa raɓa a ɗakin, da damina in koma gam mai jinkiri. Fanka ba ta fuskantar gadon aiki. Ɗigon gam ina sabunta shi duk bayan minti 15 zuwa 20, kwalbar da aka buɗe kuma ba ta wuce sati huɗu zuwa shida a hannuna, ko da saura a ciki. Zubar da ita na da ciwo, don da tsada muke saye, amma zafin bazara da ke haura digiri 40 ba ya barin gam da ƙarfinsa.

Sai nauyi. Kusan kowa dogo take so, mai cika, wanda za a hango daga bakin ƙofa. Sai na zauna na yi lallashi. "Hajiya, gashinki siriri ne, in na ɗora masa wannan ba zai ɗauka ba." Wanda ake ɗorawa ɗaya a kan ɗaya kaurinsa yawanci milimita 0.15 ne, wanda ake haɗawa da yawa ya buɗe kuma 0.05 ko 0.07, kuma ba na son tsawon ya wuce na asali da fiye da milimita biyu zuwa uku. Kamar kitso ne: in aka ja shi da yawa ranar farko ya fi kyau, amma goshi ne zai biya. Wadda ta yarda aka sa mata daidai ƙarfin gashinta, ita ce ke dawowa bayan sati uku da fiye da rabi a idonta.

Yanzu ɓangaren kwastoma, kuma a nan ne nake da magana da gaske. Mata da yawa sun ɗauka cewa in suna son ya daɗe, kada ruwa ya taɓa shi. Sai mace ta yi sati biyu tana kewaye idonta wajen wanke fuska. Idan ta kwanta a gabana na haska fitila, abin da nake gani a gindin gashin shi ne kwantsa, hoda, ragowar kwalli da ƙurar hunturu, duk sun cakuɗe da maiƙon fata sun yi ɓawo. Wannan maiƙon shi ke shiga tsakanin gam da gashi ya raba su. Ga shi kuma yana jawo ƙaiƙayi da kumburin bakin fatar ido, wani lokaci har hazbiya. Ido ya yi ƙaiƙayi, hannu ya kai, an murza, an zubar. Rashin wankewa ya fi wankewa cin lashis nesa ba kusa ba.

Yadda ake yi ba wuya. Ranar farko a guji tururi da jiƙa shi sharkaf. Daga nan kullum a wanke da sabulun kumfa na gashin ido, wanda babu mai a cikinsa, da ɗan buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye da ruwa mai sanyi. Kada a goge da tawul ko auduga, zarensu na sarƙewa ya fizge. A ɗan danna a hankali, a bari ya sha iska, sannan a taje da ɗan buroshin da muke bayarwa. Minti biyu ya isa.

Maganar alwala kullum sai ta taso. Ta fuskar aiki, ruwan alwala ba ya ɓalle shi. Murzawa da tafin hannu da gogewa da ƙarfi su ne matsalar. Ta fuskar hukunci kuwa, malamai da dama suna sa shi cikin ƙarin gashin da aka hana, akwai kuma batun isar ruwa a alwala da wanka. Ba na ɓoye wa kowa wannan don in sami ciniki. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba, ina ce mata ta tambayi malaminta tukuna, shagona ba gudu zai yi ba.

Mai shi ne babban abokin gaba, kuma mu nan mutanen shafa ne. Sanyi na shigowa sai basilin, man kaɗanya, man zaitun, man kwakwa. A shafa a jiki da kumatu, amma a bar kewayen ido, musamman da dare, don yana narkewa ya gangara. Kwalli mai maiƙo da maskara, musamman wadda ruwa ba ya wanke ta, a haƙura da su. Mai tuƙa tuwo ta kau da fuska idan ta buɗe tukunya.

Amare na da nasu tsarin. Dilka, halawa, turaren jiki da duk wani gyara mai zafi da mai, a gama su kaf tukuna. Gashin ido shi ne na ƙarshe, kwana ɗaya ko biyu kafin kamu. Na sha ganin amaryar da aka sa wa da wuri, ta shiga bargo da kaskon turare tana gumi, ranar wuni ido ɗaya ya yi gibi. Ita kuma mai kwalliyar ranar a gaya mata kada ta manna wani a kansa.

Kwanciya ma na ci. Ina gane gefen da mace ke kwana a kai tun kafin ta faɗa, don wutsiyar idon wannan gefen ce ke fara ƙarewa. Rigingine ya fi, in ba a iya ba a shimfiɗa ɗankwalin siliki a kan matashi. Mai sa niƙabi ta lura kada bakinsa ya riƙa gogar gashin, mai tabarau kuma ta zo da shi shago in auna tsawon da ba zai taɓa gilashi ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu zuwa da aikin da aka yi musu da gam ɗin ƙarin gashin kai, wannan baƙin, ko ma sufa gulu, an dunƙule sili biyar wuri ɗaya an manna har kan fata. Araha ba ta ado. Gashin da aka haɗe haka ba ya iya zuba a lokacinsa, mai tsirowa na jan wanda ya tsaya, a ƙarshe a tashi da fatar ido fayau. Aikin kirki ba ya taɓa fata, ana barin ɗan rata kaɗan, kuma ba ya suka ba ya zafi. Idan ido ya yi ja, ya kumbura ko yana ruwa, a zo a cire, a wuce wajen likitan ido. Kada a tsige da hannu ko da sili ɗaya ne ya karkace. Muna da man cirewa da ke narkar da gam cikin 'yan mintuna, gashin asali ya tsira.

Ranar ciko kuma a zo da ido wankakke, babu kwalli babu hoda. Lokacin da zan ɓata wajen wankewa daga lokacin dasawa ake cire shi. In an wuce sati huɗu, ko abin da ya rage bai kai rabi ba, ina cirewa gaba ɗaya in fara sabo, kuma kuɗin sabo nake karɓa.