Wanda ya ce shi ya kawo mana ruwa

Ranar Asabar aka buɗe rijiyar burtsatsen da mutanen unguwarmu suka yi wata takwas suna karo-karo kafin a haƙa. Da aka ba wani bawan Allah dama ya yi magana, sai ya shafe rabin awa yana jero muƙamansa, yana cewa ba don shi ba da ruwa bai fito ba, alhali sau ɗaya sunansa ya shiga littafin gudummawa. A gefena wata dattijuwa mai ƙosai, wadda ba ta taɓa fashin kawo naira 500 duk Juma'a ba, ta sunkuyar da kai. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin har aka tashi babu wanda ya ambaci sunanta.