Abin da busa kilarinet ya koya mani game da mausfis da rid

Duk yaron da ya zo koyon kilarinet, wato abin busan nan na Turawa mai kama da sarewa, a band ɗinmu nan Birnin Kebbi, kafin ma ya iya fitar da sauti mai daɗi tambayar da yake fara yi ita ce, yaya wace lamba ce rid ɗin manya? Rid shi ne ɗan karan da ake ɗaurawa a bakin kilarinet. Yaron ya ji an ce gwanaye na busa lamba 4, to shi ma sai 4, wai lamba 2 ta yara ce. Wanga tunani ya lalata bakin yara da yawa wallahi, ka ga yaro ya kumbura fuska jijiyar wuya ta tashi, iska na tsiyaya ta gefen leɓe amma sautin bai fi na busar kwalba ba. Lambar da ke jikin rid taurin karan kawai take nunawa, daga 1 har 5 ana hawa rabi-rabi, ba maki ba ce ta jarabawa.

Babban abin da na fahimta a aikin nan shi ne ba a zaɓen rid shi kaɗai, kuma ba a zaɓen mausfis shi kaɗai, tare ake zaɓensu. Mausfis shi ne bakin da kake sawa tsakanin leɓe da haƙori, rid kuma wancan ɗan siririn karan da ake ɗaurawa ƙarƙashinsa, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Tsakanin tsinin rid da tsinin mausfis akwai ɗan gibi, da ƙyar ya wuce milimita ɗaya, amma shi ke yanke hukuncin komai. In gibin na da faɗi rid na da nisan tafiya kafin ya rufe, sai ka ba shi mai laushi. In gibin ƙarami ne sai mai tauri, in ba haka ba da ka matsa kaɗan ya toshe ko ya yi maka ƙara irin ta tsiwa a tsakiyar fareti kowa ya waiwayo.

Misali mausfis ɗin Yamaha 4C, na roba ne mai arha kuma shi ke zuwa cikin akwatin kilarinet ɗin ɗalibai na Yamaha, gibinsa milimita 1.05 ne, da rid 2 da rabi ko 3 yana tafiya lafiya lau, ni har gobe shi nake ba sabon shiga. Vandoren B45 kuwa, na kamfanin nan na Faransa da aka kafa a Paris a 1905, gibinsa ya kusa 1.20, an yi shi da roba mai tauri da ake kira ebonait, sauti ya fi cika kuma ya fi nisa, amma yana cin iska kuma yana son leɓen da ya ƙware. 5RV ɗinsu ya fi matsewa, wajen 1.06. Wanda ya ɗora rid 4 kan B45 don burga ya sa kansa aikin wahala ne kawai. Sannan lambobin ma ba ɗaya suke ba daga kamfani zuwa kamfani, rid ɗin Vandoren mai shuɗin kwali lamba 2 da rabi ya kusa taurin Rico mai kwalin ruwan lemu lamba 3, don haka in ka canza kamfani kada ka ce ai ni 3 nake busawa, gwada tukuna.

Ogan band ɗinmu tsohon saje ne da ya yi ritaya, muna ce masa Baba. In ka kawo masa sabon mausfis kana ɗoki ba ya ko kallon sunan da ke jiki, sai ya ce ɗana busa mani sautin mi (na do-re-mi) na ƙasa can a hankali, sannan ka haura sama ba tare da ka ƙara cizo ba. In sautin ƙasa ya fito da huci kamar ana shaƙe shi, rid ya yi tauri. In na sama ya faɗi ƙasa da inda ya kamata ko ya yi zaƙi mara nauyi, ya yi laushi. Kuma ba ya yarda ka canza abu biyu lokaci ɗaya, in mausfis kake gwadawa to rid ɗin ya zama wanda ka riga ka san halinsa. Sai ya tura wani ya tsaya can nesa ƙarshen fili ya saurara, don abin da kake ji a kunnenka ta ƙashin kai ba shi ne mutane ke ji ba, mu kuma aikinmu waje ne, Ranar Yara ta 27 ga Mayu, faretin 1 ga Oktoba a filin wasa na Haliru Abdu, ga tarampet ga manyan ganguna suna neman danne ka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, abin da ya dace da mai busa a ɗaki mai esi a Turai ba lallai ya dace da mai maci cikin rana ba.

Ita ranar ma na da nata. Watan Maris da Afrilu nan Kebbi zafi na wuce digiri 40, kuma kilarinet in ya ɗumama sautinsa hawa yake, sai ka ɗan zaro barel, wato guntun gaɓar da ke tsakanin mausfis da jikin kilarinet, don sautin ya sauko. Shi ya sa in ina gwada mausfis nake buɗe tuna, wato manhajar auna hawa da saukar sauti, a waya in sa ta kan 440, ma'aunin sautin da ake daidaita kayan busa a kai. Yawancin na Vandoren an yi su don 442 wanda ya ɗan fi hawa, sai waɗanda suke kira Series 13 irin M13 su ne na 440, ga mu masu zafi wannan ɗan bambancin na taimakawa sosai.

Amma hunturu shi ne babban abokin gabar rid. Karan da ake yinsa da shi Arundo donax ne, mafi shahara daga yankin Var a kudancin Faransa kusa da teku, sai ga shi an kawo shi inda in Janairu ta yi hatta diddigen mutum tsagewa yake. Ka jiƙa shi ka busa, minti kaɗan ka ajiye, ka dawo ka tarar tsinin ya yi kwana-kwana, bayan kuma ya kumbura ba ya kwanciya daidai kan mausfis. Yadda nake dubawa, in ɗaura rid ɗin in toshe ƙasan mausfis da tafin hannu in zuƙe iskar ciki in saki, in ya manne na ɗan lokaci sannan ya ce fat to ya zauna, in bai manne ba iska na zurarewa. Ina jiƙa shi da ruwa mai tsabta cikin ɗan ƙoƙo na minti biyu zuwa uku, bayan aiki in goge in kwantar da shi kan guntun gilashi, ba a barinsa ɗaure jikin mausfis ya kwana, banda lanƙwashewa har ƙazanta da wari yake tarawa.

Kwali guda rid goma ne kuma ba za su taɓa zama iri ɗaya ba tunda tsiro ne. Ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, za ka ga inuwa mai duhu a tsakiya ta yi tsini zuwa sama, in ta karkace gefe guda to da wuya ya yi daɗi, in kuma karan na da kore-kore bai gama bushewa ba. Sabo ba a yi masa dogon busa ranar farko, kaɗan-kaɗan na ƴan kwanaki, kuma ka riƙa juya uku ko huɗu kada ka kashe guda. Da yadda dala ta hau kuma kayan sai an yi oda daga Legas, ga jabu sun cika kasuwa, ba abin wasa ba ne.

Akwai rid na roba irin Légère na Kanada, ba ruwansa da jiƙawa ko hunturu, yana wata da watanni. Baba ba ya son sa, ya ce sautin ba rai, ni kuma ina ganin don fareti cikin ƙura ya biya kuɗinsa, ina ajiye na kara don wurin da za a zauna a saurara. In iyaye sun tambaye ni ko su sayo wa yaro sabon kilarinet, cewa nake su bar masa na robar da ke hannunsa, na katako ma tsagewa yake a bushin nan namu, su haɗa kuɗin su saya masa mausfis na kirki da kwalin rid 2 da rabi, in leɓensa ya yi ƙarfi bayan wasu watanni sai mu gwada 3.