Gardamar manyan moto a fadarmu

Jiya a fada shayi har ya huce saboda gardamar Alhaji da yayana, shi Alhaji Honda ST1300 gare shi, yaya kuma Yamaha FJR1300. Alhaji ya ce tankinsa lita 29 ne, na yaya 25, wai daga Maradi zuwa Damagaram ko kallon gidan isansi ba ya yi. Yaya ya ce "Alhaji ranka ya daɗe, to nauyin fa? Ranar da ta kwanta maka cikin yashi mu uku muka tada ta." Duka biyun ba su da sarƙa, shaf ne ke juya tayar baya, nan kaɗai suka yarda da juna. Ni dai da na hau bayan yaya zuwa Tasawa FJR ɗin ta shiga raina, amma wallahi zafin injinta cikin watan Afrilu sai da cinyoyina suka gasu.