Yadda aka yi wa tsohuwar Land Rover ɗin Baffa kujeru da rumfa

Motar Series III ce, gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, cikin waɗanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Ta Baffana ce, ta daɗe a jibge a bayan gida a Argungu har kaji sun mayar da ita wurin saka ƙwai. Inji da fenti ba su cika ba ni wahala ba, don bodinta alminiyom ne ba ya tsatsa. Inda na ji jiki shi ne kujeru da rumfar tamfol, aikin da kowa yake ɗauka na kwana biyu ne.

Na kai ta wajen wani dattijo mai ɗinkin kushin a Birnin Kebbi, ya zagaya ta, ya kama ƙarafunan rumfar ya girgiza, sai ya ce "Alhaji, wanga aiki ba ni ka farawa ba, kai ta ga mai walda tukuna." Gaskiyarsa kuwa, ƙarafunan sun lanƙwashe saboda buhunan shinkafa da aka yi ta ɗora mata lokacin tana aikin fadama, in ka ɗinka sabon tamfol a kan karkataccen ƙarfe to wani gefen zai tattare, wani ya ɗame har ya yage, kuma ruwa zai riƙa kwanciya a tsakiya. Sai da aka miƙe su aka goge aka shafa fenti sannan ya yarda ya taɓa tef ɗin awo.

Tsohon tamfol ɗin duk ya zama tsumma, yara har sun so su ja shi su kai bola, Allah ya sa yana nan. Shi dattijon ya farke da reza ɗinki bayan ɗinki, ya shimfiɗa gutsattsarin a kan sabon yadi yana bi da alli, ko'ina yana ƙara ɗan yatsa biyu. Na ce Baba ai zai yi yawa, ya ce kanbas in ya sha ruwan farko tsukewa yake yi, wanda ya yanka daidai wa daida damina ɗaya igiyoyin ba za su kai ƙugiya ba. Da aka ɗaura kuwa ya yi sakwa-sakwa raina bai so ba, ya sa yaransa suka sheƙa masa ruwa aka bar shi a rana, kafin la'asar ya ɗame kamar fatar kalangu.

Maganar yadi, da yawa sun ce in sa tamfol ɗin roba irin na tirela, ya fi araha kuma ruwa ba ya ratsa shi. Amma duk wanda ya san zafin Kebbi a watan Afrilu, da yake haura digiri 40, ya san zama ƙarƙashin roba azaba ce. Kanbas na saƙa yana shan iska, shi na aika aka sayo min daga Kano. Zare ma na nace a kan foliyesta mai kauri, don na nailan rana tana cinye shi, yadi yana nan garau ɗinki ya riga ya saki.

Kujeru kuma na so in yi gayu da jar fatar akuyar Sakkwato, har na je wajen dukawa na taya. Fatar kyakkyawa ce ba magana, sai dai ƙarama ce kuma ba ta da kauri, kujera ɗaya sai an yi ta haɗe-haɗe, ga gumi ga rana. Na haƙura na koma leda, amma ba baƙa irin ta kamfani ba, ruwan ƙasa na ɗauka don kada ta riƙa ƙona mutum in an ajiye mota a fili. Soso hawa biyu aka sa, mai tauri a ƙasa mai laushi a sama. A nan ma sai da baban ya sa na hau na zauna kafin ya rufe da leda, ashe kaurin ya yi yawa cinyata na gogar sitiyari, shi kuma sitiyarin motar nan babba ne ba ya matsawa, dole aka rage da wuƙa. Bai kuma kafe kushin ɗin ba, ya bar shi ana ɗagawa yadda yake tun asali, tunda tankin mai a ƙarƙashin kujera yake.

Kuɗi kashi-kashi na biya, kafin alƙalami sannan sauran in aiki ya fito, kuma na kauce wa gab da Sallah lokacin da kujerun amare suke cika musu shago.

Tagar baya ta farar leda ce kawai har yanzu nake fama da yaran gida a kanta, da hunturu in ƙura ta hau sai su sa busasshen tsumma su goge, shi ke karce ta ta dushe. Ruwa ake fara watsa mata tukuna.